Ranar da Na Ɗanɗana Kogon Mutane

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina shiga Dubai ina fita. Ban taɓa kwana a hannun hukuma ba, ban taɓa wuce wa'adin biza ko da yini ɗaya ba. Abin da ya raba ni da garin wani ɗan guntun dutse ne da bai kai kan ɗan yatsana ba. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, shi ya sa na ce bari in rubuta. Karatuna dai a aji huɗu na firamare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya same ni.

A lokacin, shekara biyu kafin korona, ina zama a wani shagon kago, na masu aika kaya gida, a Al Sabkha, bayan tashar bas. Aikina ba mai wuya ba ne, amma ba kowa ya iya shi ba. 'Yan kasuwa za su sauka daga Kano, ido a buɗe kai a rufe, ni zan ja su zuwa wurin Ba'indiyen da ba ya cuta da yawa. In murza yadi in ce wannan zai zuba a wankin farko. In shinshina turare in ce an sirka. In tsaya a kan kaya har a ɗaure a kai kwantena. Hannuna da hancina da harshena su ne takardun shaidata, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da su ya ce na jabu ne.

Kwana kuwa a Al Nahda nake yi, a fulat ɗin ɗana. Ɗan fari ne, don haka ko a takarda ba za ku ji sunansa daga wurina ba. Ya yi boko har boko ya gaji da shi, yana aiki a wani ofis a Al Khabaisi, kullum da safe ya shaƙe wuyansa da ƙyalle irin na Turawa ya fita. Tun da harkar biza ta koma cikin kwamfuta, tawa ta koma hannunsa. Ta ziyara ce, duk wata uku sai an sabunta, kuma duk wata uku sai na sha waƙa ɗaya: Baba ka huta, Baba ka koma gida, Baba zafin garin nan ba naka ba ne. A sabuntawar da ta gabaci wadda zan ba ku labari, har sharaɗi ya gindaya mini. Wai muddin ba a sami matsala ba zai ci gaba, amma ranar da aka samu, khalas, shi ke nan. Ni ake gindaya wa sharaɗi, a kan tabarmar sallata, yana tsaye ina zaune.

Dokar garin ita ce mai bizar ziyara sai ya fita ƙasar kafin a buga masa sabuwa. Masu hali su je gida su dawo. Irinmu kuwa ejan zai zuba mu a wani ƙaramin jirgin sama, ya tsallakar da mu ruwa zuwa wani tsibiri, a ajiye mu a otel kamar kayan da ke jiran kwastan, har sabuwar biza ta iso ta waya. Ba zan kira sunan tsibirin ba. Ban yafe masa ba tukuna.

Tafiyar tare muka yi da wani Badamagare, sa'ana, mai aika injinan ban ruwa Damagaram. Shagonsu na kallon namu, mun fi shekara goma muna cin abincin rana a faranti ɗaya muna zagin juna. Kun dai san tsakanin Bakano da Badamagare. Shi a wurinsa ni bawansa ne da kakansa ya manta a bakin ganuwa, ni kuma a wurina shi baƙauye ne da ya ga kwalta da girmansa.

Kwana uku biza ba ta zo ba. Mun ƙirga fankokin otel, mun ƙirga kyankyasai, mun gaji da shinkafa da kifi. Ran nan da hantsi sai ga mutumin otel yana shela cewa akwai bas mai zuwa kallon kogo. Na ce ba ni zuwa. Ni a sanina kogo wurin kura ne da jemage da waɗanda ba a ambata, mai hankali ba ya wanke ƙafa ya tafi can yawon buɗe ido. Badamagare ya kalli sauran mutanen da ke zaune, ya sanar da su cewa tun zamanin kakanni Bakano ba ya shiga inda babu ƙofar gudu ta baya. To, na ɗauki hulata.

Bas ta ajiye mu a gindin wani tsauni, muka hau da ƙafa. Ba zan ɓoye ba, sau uku na tsaya wai ina gyara takalmi. Mu wajen goma sha biyar ne, da Filipinawa masu jiran biza irinmu, da wasu Turawa biyu mata da miji waɗanda su da kuɗinsu suka zo musamman, Allah ya shirye su. Jagoranmu wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, da tocila a goshi, yana Turanci yana ɗan haɗawa da Larabci.

Da muka shiga, iska mai sanyi ta bugi fuskata kamar an buɗe firij. Muka yi ta tafiya har hasken bakin kogon ya ɓace. Sannan jagora ya kunna babbar fitila ya ɗaga sama.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ina fushi: na yi tasbihi ban san na yi ba. Rufin wurin ya fi na babban masallaci tsawo, kuma ko'ina wasu fararen duwatsu ne ke reto daga sama, kansu a ƙasa. Wasu kamar hantsar saniya, wasu kamar rogo an rataye, wasu sirara kamar tsinken sakace, wasu kuma sun bazu kamar labulen da aka wanke aka shanya ya daskare. Daga ƙasa wasu sun taso suna nufar na saman, sak kantun gishirin Balma da aka jera a rumfa. Akwai inda na sama da na ƙasa suka haɗu suka zama ginshiƙi. A bakin kowane ɗaya akwai ɗigon ruwa yana rawa, in ka yi shiru sai ka ji ɗis, ɗis, daga kowane lungu.

Jagora ya yi bayani cewa tsaunin duka dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama ke ratsa shi yana narkar da kaɗan, in ya ɗiga sai ya bar ɗan abin da ya ɗauko a baki. Ya nuna faɗin farcensa, ya ce kafin ɗaya ya ƙaru da haka, an haifi mutum ya tsufa ya mutu. Sannan ya ce kada a taɓa. Ya faɗa da Turanci, ya faɗa da Larabci, ya nuna da hannu. Na ji, kuma na gane. Ina so a rubuta wannan a ajiye, domin daga baya an yi mini ƙaryar cewa ban gane ba.

Muna cikin tafiya muka zo inda rufin ya sauko har hulata na gogar sa. Duwatsun wurin ƙanana ne, farare da ɗan ja-ja, suna ƙyalli. Badamagare ya matso ya zungure ni.

"Bakano, kai da ka ishe mu da cewa ubanka da kakanka kanwa suka sayar a kasuwar Kurmi, wannan mece ce? Ni dai na ce ungurnu ce."

Na ce masa ba kanwa ba ce, ai ya ji abin da mutumin ya faɗa.

"A'a, mutumin ya faɗa. Kai fa? Da ido ka gane? Ka ji shi, ɗan kanwar ƙarya. Dama na san goro ubanka ke talla a tasha."

Sai na bayyana muku wani abu, don kada ku yanke mini hukunci irin na ɗana. Ina ɗan shekara tara aka cire ni daga makaranta aka zaunar da ni a rumfar kanwa ta mahaifina. Abin da aka fara koya mini shi ne ba a yi wa kanwa shaida da ido. Fatake za su sauke buhu, ka ɗauki dunƙule, ka ɓalli gefe, ka duba cikinsa, ka ɗora a harshe. Harshe ne zai gaya maka ungurnu ce, ko jar kanwa, ko ƙasa ce aka yi wa kwalliya. Na taɓa cewa wata kanwa mai kyau ce don na ga tana ƙyalli, mahaifina ya ja kunnena har sai da na ji ƙara a ɗaya kunnen. Kuma duk mai kaya a Kurmi, in ka miƙa hannu, sai ya ce kada a fasa masa kaya. Kowa na faɗa, kowa na fasawa. Ma'anar maganar ita ce ka ɓalli kaɗan, kada ka yi ɓarna. Haka na tashi, haka na yi shekara sittin ina yi, daga kanwa har turaren wuta na kasuwar Deira a Dubai, ba wanda ya taɓa kai ni ƙara.

Don haka na ɓalli kaɗan. Na zaɓi mafi ƙanƙanta, na ciro makullin shago, na ɗan ƙwanƙwasa bakinsa cikin ladabi.

Abin da ban lissafa ba shi ne kogo ba ya riƙe sirri. Ɗan ƙas ɗin da ya yi sai da ya zaga wurin ya dawo kamar an fasa tulu. Fitilu duka suka juyo kaina daidai lokacin da na ɗora shi a harshe. Sanyi ne da shi, ba ɗaci, ba gishiri, ba komai, kamar allin makaranta. Na juya na ce wa Badamagare ba kanwa ba ce, kuma ubana ba goro yake talla ba.

Baturiyar nan ta dafe ƙirji kamar an ce mata uwarta ta rasu. Jagora kuwa bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da na san yadda zan yi da shi, na saba da masu ihu. Zuwa ya yi a hankali, ya buɗe tafin hannuna, ya ɗauki guntun da yawuna a jiki, ya haska wurin da na ɓalla ya daɗe yana kallo. Ruwa ya taru a sabon bakin ya ɗigo masa a hannu. Ya ce da ni da Larabci, "Don me, ya Hajji?" Na buɗe baki in yi masa bayanin Kurmi, sai na ga Larabcina duka na ciniki ne: nawa, rage, kawo, ɗaure, gobe. Ba ko kalma ɗaya da za ta ɗauki mahaifina.

A gindin tsaunin akwai ofishin masu gadin wurin. Nan aka kai ni. Wani mai kaki ya sa guntun dutsen a cikin 'yar leda kamar harsashin da aka ciro daga gawa, ya yi waya otel ya ce a riƙe fasfona, ba inda za ni sai an ga abin da doka ta ce. Badamagare, wanda ya yi ta dariya tun daga cikin kogo har yana riƙe ciki, yana ganin kaki ya natsu. Ya tsaya tsakani da Allah yana kare ni da Faransanci, yaren da duk tsibirin ba mai jin sa. Ya yi jawabi mai tsawo har da nuna sama. Suka ba shi kujera a waje.

Ba yadda na iya, na ba da lambar ɗana. Aka kira shi ta bidiyo, ya fito a fuskar waya da ƙyallensa a wuya, bango fari a bayansa. Ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau, na ce ƙalau. Daga nan ya juya Turanci da mai kakin.

Turancina na kasuwa ne, na yarda. Amma na san kalmar tsoho. Na san kalmar makaranta, kuma na san in an sa mata babu a gaba. Na san kalmar asibiti da ta magani. Ko da ban san ko ɗaya ba, ina da ido: na ga ɗan da na haifa ya ɗaga yatsa ya taɓa gefen kansa, ya ɗan juya shi.

Nan take fuskar mai kaki ta sauya. Mutumin da ɗazu yake kallona a matsayin mai laifi, wato cikakken mutum, yanzu ya koma kallona da tausayi. Ya sa aka kawo mini shayi da ƙwayar sukari. Ya dafa kafaɗata yana magana da ƙarfi a hankali, yadda ake yi wa kurma ko ɗan yaye. Jagoran ma ya zo ya riƙe hannuna biyu yana ba ni haƙuri, shi da aka yi wa ɓarna. Aka rubuta wata takarda, aka nuna mini inda zan dangwala yatsa, ba wanda ya ma tambaya ko na iya sa hannu. Aka sake ni. Har bakin bas mai kakin ya raka ni yana riƙe da gwiwar hannuna kada in faɗi.

Wallahi da sun rufe ni kwana bakwai da ya fi mini sauƙi. Wanda aka rufe, in ya fito, ana yi masa barka. Wanda aka ce ya ruɗe, me za a ce masa?

Washegari biza ta iso. Ta Badamagare wata uku. Tawa wata ɗaya.

Ɗana ne ya tare ni a filin jirgin Dubai. Maganar kuwa na bar ta sai ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci, matarsa ta ajiye abinci ta koma ciki. Na ce ya zauna. Ya zauna a ƙasa, wannan dai bai manta ba. Na tambaye shi abin da ya gaya wa mutanen. Ya fara kewaye-kewaye, wai ya roƙe su ne kawai. Na ɗaga yatsa na taɓa gefen kaina na juya, yadda ya yi. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, me kake so in ce musu? In ce kana cikin hankalinka ka fasa? Da yanzu kana can a rufe."

"Ka ce musu ɗan kasuwa ne, haka aka koya masa gwada kaya."

"Ba su san wannan ba, Baba."

"Su ba su sani ba. Kai fa? Da me aka biya maka makarantar da kake taƙama da ita, in ba da harshen nan ba?"

Na ce to, abu ɗaya nake so in ji, daga shi ba zan ƙara ba. Maganar da ya faɗa musu, dabara ce ya yi don a sake ni, ko kuwa abin da ke ransa ne? In dabara ce, na yafe, har ma in yaba, ɗan kasuwa ya haifi ɗan kasuwa. Sai ya kira ejan gobe a mayar da bizata wata uku, magana ta ƙare. In kuwa ya bar ta wata ɗaya, na san amsar.

Ya daɗe yana murza bakin kafet da yatsa. Abinci ya huce. Can ya ce ai dama mun yi magana tun farko cewa in an sami matsala shi ke nan. Ya ce yau kogo ne a tsibiri, gobe bai san ko mene ne ba, kuma garin nan ba a wasa da doka, shi ma zamansa a kan aikinsa yake. Ya ce ya riga ya saya mini tikitin komawa gida.

Ban tambaye shi amsar ba kuma. Na ja faranti na ci abincina, don ba da shinkafa nake faɗa ba.

Watan nan na ƙarshe a Al Sabkha, kada Allah ya maimaita. Kafin in iso shago Badamagare ya riga ya raba labarin layi-layi, har da ƙarin cewa rabin kogon na cinye. Mai tayal ya aiko mini da guntu wai in ɗanɗana masa ko na Sin ne. Masu ɗaurin kaya in sun gan ni sai su rufe buhun siminti. Wannan duk wasa ne, na rama wanda zan iya ramawa. Wanda ba wasa ba shi ne ɗaya labarin, na yatsa a gefen kai, shi ma ya iso, ban san ta ina ba. Wani Alhaji da na yi shekara takwas ina zaɓar masa yadi ya zo gari, na murza wani leshi na ce kada ya saya. Ya ce to, ya gode. Da na juya baya sai na ji yana tambayar mai shago a hankali ko gaskiya ne. A gabana bai taɓa neman shaida ta biyu ba sai ran nan. Leshin kuwa ya saya, kuma ina nan ina jiran labarin wankin farko.

Badamagare ya zo mini sallama ana gobe zan tafi, da kwalin dabino a hannu. Ya zauna bai zage ni ba ko sau ɗaya, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ya ce shi ya jawo. Na ce ya daina ɗaukar wa kansa girma, Badamagare bai isa ya sa Bakano yin abin da bai yi niyya ba. Hannuna ne, makullina ne, harshena ne, kuma ina cikin hankalina. Duk Dubai shi kaɗai ya ce ya yarda.

Ɗana ne ya kai ni filin jirgi. Ya ɗauki hutun rabin yini, ya zo da kwat ɗinsa ta ofis. Ya auna kaya, ya karɓo mini takardar shiga, ya yi ta nanata mini lambar ƙofa har sau uku, ya rubuta ta a bayan tikiti da manyan baƙaƙe. Na bar shi ya gama. Da muka zo inda masu rakiya ke tsayawa, ya dubi hagu ya dubi dama, Larabawa da Turawa da Indiyawa na ta wucewa da akwatuna, sannan ya tsuguna a gabana a kan tayal ɗin nan mai sheƙi, ya ce in yafe masa in sa masa albarka.

Na gyara hulata. Na duba agogo. Na ciro carbi daga wannan aljihu na mayar da shi wancan. Mutane suka fara ratse shi suna waiwaye, wani mai shara ya tsaya da tsintsiyarsa yana jira ya tashi. Gwiwarsa ta fara rawa, don masu zaman kujera ba su iya tsuguno ba. Bai tashi ba, bai ɗago ba.

Sai da na tabbata ya ji a cinyarsa, sannan na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi 'ya'ya masu jin Turanci. Albarkar da gaske na sa, ba na wasa da wannan. Yafiyar kuwa na ce masa ya bari tukuna, ina dubawa. Na karɓi jakata daga hannunsa na shige.